Har Ka Fito Daga Daji

Pokhara, Nepal
2 ga Maris, 1998

Ammajan,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, gwiwar kuma ta yi sauƙi. Mu lafiya lau. Yau wata huɗu da muka kulle gidanmu na Sydney muka kama yawon ƙasashe. Matata Shirin ta ce ta manta yadda ake girki. Jikarki Tuli ta yi tsawo, kullum tana rubuta sunayen tsuntsaye a littafi.

Ran tara ga wata za mu shiga dajin Chitwan, kwana uku. A kan giwa ake shiga. Ana ganin karkanda da barewa, in an yi sa'a har damisa, irin tamu mai ratsi. Kada ki damu, tsofaffin Turawa ma suna zuwa. Daga nan zan duba ko za mu leƙo Gabura kafin damina. Adireshin masaukinmu na Kathmandu yana bayan ambulan.

Ɗanki,
Tofazzal

*

Gabura
17 ga Maris

Tofazzal,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, da matarka, da jikata.

Wasiƙarka ta iso jiya, sha shida ga wata. Aji goma na gama, na iya lissafi. Ran tara ka shiga daji. A ranar na shafa man kwakwa na taje kaina, na hura wuta da rana tsaka na soya kifi, na rufe ƙofata na kwanta. Kwana bakwai ina haka ban sani ba. Mai digiri biyu bai san wasiƙa tana yin sati biyu a hanya ba?

Ko ƙa'idar garinku ce ka manta? Idan namiji ya shiga daji, macen gidansa ba ta taje kai, ba ta taɓa sabulu, ba ta hura wuta da rana, ba ta rufe ƙofa, har sai ya fito. Matarka ce ya kamata ta yi, to ita ma tana kan giwar. Saura ni. Tun jiya na fara.

Sannan ka rubuta sunan mai ratsin nan ƙarara da biro. A gidan nan Kawu ake ce masa. Mahaifinka ya yi shekara ashirin yana ɗiban zuma bai taɓa kama sunan nan ba, duk da haka Kawu ya ɗauke shi kana da shekara tara. Mutane suna shiga daji ne don yunwa, suna roƙon Allah kada su haɗu da shi. Kai ka ɗauki yarinya 'yar shekara takwas kana fatan yin “sa'a”. Ƙoshi ne ya kawo wannan, ba ilimi ba.

Uwar Jolil ta leƙo ta saman shinge ta ga kaina a yamutse, ta ce, “Yaya, sabon miji kika yi ba a gayyace mu ba? Wa ya shiga miki daji?” Na ce ɗana. Ta ce, “Na Ostareliya? Can ma zumar yake bi?” Na ce ta je ta duba tukunyarta, tana ƙauri.

Ka rubuto layi ɗaya ka ce ka fito. Lissafi ya ce ka fito tun sha biyu ga wata, amma daga bakinka nake so in ji. Maganar zuwa kuma, “zan duba” ba rana ba ce. Shekara goma sha ɗaya kana dubawa.

Allah ya tsare ku.
Mahaifiyarka,
Amirunnesa

*

Gabura
3 ga Afrilu

Tofazzal,

Sallama da gaisuwa. Ban ji daga gare ka ba.

Shekaranjiya jiragen ruwan masu ɗiban zuma suka tashi zuwa daji. Yanzu ƙofofin layinmu duk a buɗe suke, kowace mace da jiƙaƙƙiyar shinkafar jiya take wuni. Uwar Jolil ta daina dariya, nata mijin ya tafi. Jiya ta shigo ta zauna a tabarmata, karo na farko tun da aka aurota garin nan. Ta ce, “Yaya, ke da kika saba, yaya ake yi rana ta wuce?” Na ce a tsinci shinkafa, ko da an tsince ta. Muka tsinta tare har la'asar. Ka san matan nan ba sa son haɗuwa da ni da safe, wai matar da Kawu ya ci mijinta ba ta da ƙafar alheri. Sai ga shi don kana daji na zama ɗaya daga cikinsu.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da aka ɗauke mahaifinka, hadari ya taso da azahar, kana kwance da zazzaɓi, iska tana watso ruwa har kan shimfiɗarka. Na rufe ƙofa. Bai fi a dafa shinkafa a sauke ba na buɗe. Kakarka ta gani. Da jirgin ya dawo da rigarsa kaɗai, a gaban mutane ta ce da hannuna na rufe masa hanyar gida.

Liman ya ce wannan ba addini ba ne. Littafin kimiyya da na karanta ma haka zai ce. Ban yi musu da su ba. Amma su ba su ne suka rufe ƙofar ba.

Kaji suna shigo mini ɗaki, kaina ya fara kama kwarkwata. Ba ƙorafi nake yi ba, sanar da kai nake yi, don ka san shirun mutum ma yana da nauyi a kan wani.

Mahaifiyarka

*

Kathmandu
18 ga Afrilu

Ammajan,

Assalamu alaikum. Na fito. Duk mun fito lafiya tun sha bakwai ga Maris. Ki rufe ƙofa, ki wanke kanki, don Allah. Daga can mun wuce zuwa duwatsu ne, sai jiya muka dawo na tarar da wasiƙunki biyu. Ki yafe mini.

Kwana takwas muka yi, ba uku ba, ni na ƙi tafiya. Shirin ta ce, “Karkanda goma sha biyu muka gani, me kuma kake nema?” A rana ta ƙarshe mai giwar ya tsaya ya nuna da haɓa. Kawu ne, yana kwance cikin ciyawa, ƙudaje suna bin kunnensa. Ya yi hamma. Ko kallonmu bai yi ba. Shekara ashirin da tara ina so in ga fuskarsa, Ammajan, sai na tarar ba shi da abin da zai ce mini.

Na yi kuskure na karanta wasiƙarki ta farko da ƙarfi a gabansu. Tuli ta ce, “Abba, wane kawu ne ya ɗauke kakana? An kama shi?” Ni zazzaɓi na gaya musu ya kashe shi, har Shirin. Yanzu sun sani. Shirin ba ta yi faɗa ba, ta dai ce ba za ta tsallaka kogin Gabura da yarinya ba.

Ba zan fake da ita ba. Ranar da kika rufe ƙofar, idona biyu. Ni na ce miki ina jin sanyi, har sau uku, kafin ki tashi. Na ji abin da Kaka ta faɗa, na ga ba ki ambace ni ba. Duk lokacin da na yi shirin zuwa, ƙofar nan nake gani.

Gobe za mu Delhi, a Yuli kuma Kenya, Tuli tana son ganin raƙumin dawa. Bana ba zan iya zuwa ba.

Ɗanki,
Tofazzal

*

Gabura
3 ga Mayu

Tofazzal,

Wa alaikumus salam. Ta iso jiya. Na rufe, na wanke kai, na ci abinci mai zafi. Kwana arba'in da bakwai.

Yaro mai zazzaɓi ya ce yana jin sanyi, ba laifi ba ne. Hannun nawa ne. Kada ka ƙwace mini abin da ba naka ba. Ƙaryar da ka yi wa matarka ita ce taka, ka je ka ba ta haƙuri yadda ya kamata.

Ba zan sake tambayarka ranar zuwa ba. Amma dajin Kenya, ka aiko mini da ranar shiga tun saura sati uku, kada a maimaita na Maris. Kada kuma ka ɓoye mini don tausayi. Cikin shekara goma sha ɗaya, kwanakin nan ne kaɗai na tashi da safe ina da aikin da zan yi maka.

Ka gaishe da Tuli.

Mahaifiyarka,
Amirunnesa