Ƙasusuwan da Zainab Ke Son Nuna wa Hafsa

Laraba da dare, unguwar Waziriyya

Ƙanwata Zainab na son kai 'yata Hafsa gidan tarihi ranar Asabar. Na tambayi abin da ke ciki, ta ce, "Ƙasusuwa ne kawai, Yaya, halas." Amma ba ta kalle ni ba. Hafsa ce ta tona: akwai zanen biri yana miƙewa har ya zama mutum, ta gani a wayar gwaggonta.

Ashe sun gama shiri. In na hana, wayar tana nan. In na bari, Hafsa za ta dawo da tambayoyi da Larabci, harshen da ta tashi da shi a nan, ni kuwa da Hausa na iya ba da labarin Annabi Adamu, Hausar da rabinta kawai take ji.

Zan bi su. Ba zan faɗa wa Zainab ba sai a bakin tasi, in ga fuskarta.