Aboki Ba Ya Samun Hutu

Yaya Khairunnisa,

Assalamu alaikum. Ya jikin Umma? Ya yara?

Muna lafiya a Dubai. Attajirin da ya yi mana biza yana son kiɗan jazz ɗin Mubashir, har ya daina kiransa ma'aikaci. Yanzu mijina abokinsa ne, kowace liyafa shi ke busa saksofon. Fasfo ɗinmu ma yana wurinsa, wai kada su ɓace.

Na ce za mu zo duba Umma. Attajirin ya dafa ƙirji: "Ma'aikaci ake ba hutu. Aboki zai tafi ya bar ni? Khalas, magana ta ƙare!"

Ki turo min muryar Umma. Ta taya mu addu'a, Allah Ya mayar da Mubashir ma'aikaci.

Ƙanwarki,
Muhsinat