Dardumar Inna

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Baba, yaya su Ruƙayya?

Ki kwantar da hankalinki, a Turkiyya aka yi girgizar ƙasar, ba nan Makka ba. Sai dai masaƙar da ke aiko wa shagonmu na unguwar Jarwal darduma ta rushe, ruwan garinsu ya gurɓace, ma'aikata sun watse. Ciniki ya ja baya, amma alhamdu lillahi ba na kwana da yunwa, ga Harami kusa.

Dardumar da kika ce in aiko, sabuwa ta ƙare. Na ba Hajiya Mairama tawa ta kawo miki. Wurin goshin ya ɗan koɗe. In kin yi sujada, ki sa wanda ya saƙa ta a addu'a, ban san ko yana raye ba.

Ɗanki,
Uzairu