Talotalon da Baba Ya Auna

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Kin ce sanyi na tayar miki da ita. Allah Ya yaye miki, Ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Baba yana nan wurinmu da ƙarfinsa daidai na tsufa, idon ne dai yake ƙara yin hazo, amma har yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci, kuma ba ya yarda a riƙe masa hannu. Malam maigidana ya samu hutun ƙarshen shekara, yara ma sun dawo daga makaranta, gida ya cika har tabarma ba ta isa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda bayan ga waya, amma abin da zan faɗa miki idan na fara shi da baki kuka zai ci ƙarfina. Kin san abin da ke tsakanina da Autanmu mai gidan burodi shekara uku ke nan. Ranar da Inna ta cika a asibiti ya iso a makare, ni kuma a gaban jama'a na ce masa burodinsa ya fi masa uwarsa. Magana zarar bunu ce, ta fita ta fita. Tun daga ranar sai ya riƙa zuwa gaida Baba ran Juma'a da safe, lokacin da ya san ina wurin karatun mata. In mun haɗu a wani taro, ya yi sallama in amsa, shi ke nan. Ni da nake karantar da mata cewa bai halatta mutum ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, sai na ba wa kaina fatawa cewa tunda akwai sallama ai ba gaba ba ce. Sau nawa kika yi mini nasiha ina ce miki to? Allah Ya yafe mini.

To, da hutun nan ya matso, Baba ya kira ni ɗakinsa ya ce bana yana son a tara masa 'ya'yansa da jikokinsa a kan teburin nan da ya yi da hannunsa, don bai san ko zai ga na baɗi ba. Ya ce talotalo yake so, kuma gasasshe, sukutum ɗinsa, ba wanda aka yanka gunduwa-gunduwa aka soya ba. Na ce masa to. Ban tambaye shi ko har da Auta ba, shi ma bai ambace shi ba. Daga baya Malam ya gaya mini shi ya aika wa Auta da gayyata, Auta ya ce aiki ya yi masa yawa, amma zai aiko da burodi. Na ji abin a raina, na kuma ji sauƙi, kuma wannan sauƙin ne ya fi ba ni kunya yanzu.

Ran da za mu je saye, Baba ya ce da shi za a je. Kafin mu fita na same shi a kicin ya durƙusa gaban tanderun murhunmu na gas, da tsohon tef ɗinsa na kafinta, yana auna faɗi da tsawo da zurfi, ya rubuta a 'yar takarda da guntun fensirin nan da ba ya rabuwa da kunnensa. Hankalina ya kwanta. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana yin ƙofa ba a taɓa dawo masa da guda ba, wa zai koya masa awo?

Wurin mai kiwon kaji muka je, can bayan gari, don kin san ni, ba na iya cin naman da ban san wanda ya yanka shi ba. Na bi abin da Inna ta koya mana. Na duba ido ko garau yake, na duba ƙafa ko sumul take ba ta yi kaushi ba, na taɓa ƙirji na ji tsoka, na danna ƙarshen ƙashin ƙirjin don in ji ko yana lanƙwasa, alamar bai tsufa ba. Na zaɓi wata mace matsakaiciya, don namanta ya fi laushi. Baba ya girgiza kai. Ya nuna wani ƙato da ke can gefe yana hura hanci kamar shi ya gina wurin, ya sa aka riƙe masa shi, ya zaro tef ya auna ƙirjinsa da bayansa. Mai kaji ya yi ta dariya, ya ce shekara ashirin yana sana'ar nan bai taɓa ganin wanda ya zo yi wa talotalo awon riga ba, ko kujera Baba zai yi masa? Baba ya ce wannan yake so. Na ce anya bai yi girma ba? Ya ce bakuna ne da yawa. Aka fuskantar da shi alƙibla, aka ambaci sunan Allah a kan idona, aka yanka, aka fige mana shi tas.

A gida na jiƙa shi a babbar roba cikin ruwan gishiri da tafarnuwa da citta da lemun tsami. Sai da muka cire duk kantocin firij kafin ya samu wurin kwana. Da gari ya waye na tsane shi da tsumma mai tsabta, na sa yatsa a hankali na ɗaga fatar ƙirjin na cusa man shanu da na kwaɓa da kayan ƙamshi, na cika cikinsa da albasa da lemu, na ɗaure ƙafafun da zare, na lanƙwashe fikafikan ta baya don kada su ƙone. Yaya, ya yi kyau kamar kada a ci. Na yi bisimilla na ɗauko faranti zan tura shi cikin tanderu, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Na juya shi ta gefe, ya ƙi. Na cire ƙarfen tsakiya, ƙirjin ya tokare sama. Malam ya zo ya gwada, ya yi gumi, ya ce ko dai a ɗauko zarton Baba, tunda kafinta ne ya jawo, kafinta ya gyara. Na je na gaya wa Baba cikin ladabi cewa sai dai a raba shi biyu. Ya ce shi dai sukutum ya ce, in ba zai yiwu ba a bar shi, ya haƙura. Ya juya fuskarsa bango. Kin san Baba bai taɓa roƙonmu komai ba tun rasuwar Inna.

Na tsaya a kicin ina kallon talotalo. Baƙi za su taru bayan la'asar. Duk wanda na tuna a maƙwabta murhunsa irin namu ne ko bai kai ba. Tanderu ɗaya na sani da zai haɗiye wannan ƙaton, Malam ma ya sani, amma sai wasa yake da makullin mota. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na ɗauki mayafina na ce ya kai ni gidan burodin Auta.

Mun isa wajen ƙarfe goma, an gama fitar da burodin safe, ma'aikata sun tafi rabo. Malam ya ajiye farantin a kan tebur, ya ce zai je ɗauko kujerun aro, ya fice ya bar ni. Auta ya fito daga ciki, gari har a girarsa. Na yi sallama ya amsa. Na ce masa talotalon Baba ne ya ƙi shiga tanderunmu. Ya dubi talotalon, ya dube ni, ya ce wa ya zaɓo wannan raƙumin? Na ce Baba. Ya buɗe tanderun ya watsa ɗan gari a ƙasansa, ya tsaya yana kallon yadda yake sauya launi, ya ce zafin ya yi yawa, zai ƙona fata ya bar ciki ɗanye, sai mun jira ya sauka. Ya rufe ƙirjin da takardar gashi. Sannan ya ce mini wannan zai ci awa huɗu, kuma duk rabin awa sai an jawo shi an kwarara masa romonsa, shi kuwa ba zai iya riƙe faranti da ludayi lokaci guda ba. Ya jawo mini buhun fulawa na zauna.

Awa ɗaya ta farko ba mu yi wata magana ba sai ta talotalo. Ya jawo, in zuba romo, ya mayar. A nan na ga hannuwansa, Yaya, duk tabon ƙuna ne tun daga wuyan hannu har gwiwa, wani ya warke wani sabo. Yaron da na goya a bayana. A jawowa ta uku na zuba romo da ludayin. Na ajiye shi na ce masa na zalunce shi, maganar da na faɗa ba gaskiya ba ce, kuma ko da gaskiya ce ba ranar faɗinta ba ce, ina roƙonsa ya yafe mini don Allah. Ya mayar da farantin, ya rufe ƙofa, ya daɗe yana goge hannunsa. Sannan ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mini ba. Ashe ana gobe za ta rasu, da ya je duba ta, Inna ta ce masa ba ta iya haɗiyar komai, amma tana marmarin ɗan ƙaramin burodin madara da yake yi mata, mai laushi, da zafinsa. Shi ya tsaya yi da safen. Ya ce da ya san minti ashirin ne tsakani, da ɗanyen ƙullun zai kwaso ya taho. Sai a lokacin na tuna ledar da ke hannunsa ranar, wadda ya ajiye a gefen gadon. Ba wanda ya tambaye shi mene ne a ciki. Ya ce Baba kaɗai ya buɗe ta.

Ban san tsawon kukan da na yi ba. Shi ne ma ya riƙa ba ni haƙuri, ya ce ya yafe tun tuni, girman kai ne ya hana shi zuwa ya faɗa, harshe da haƙori ma ana saɓawa. Can sai ya ce in na ci gaba a haka gishirin naman zai yi yawa, in tashi lokacin romo ya yi. Na yi dariya da hawaye a fuskata.

Da awa uku ta cika ya cire takardar don fatar ta yi ja. A ƙarshe ya soka wuƙa a cinyar, inda naman ya fi kauri, ruwa ya fito garau babu alamar jini. Na ce mu tafi, ya ce a'a, sai ya huta rabin awa a rufe, in an yanka shi da gaggawa duk daɗin a faranti zai tsiyaye. Cikin wannan rabin awar ya shiga gida ya yi wanka, ya fito da matarsa da 'yarsu, mai sunan Inna, wadda ban taɓa ɗauka ba sai ranar. Goshin Inna ne sak.

Malam ya dawo ya kwashe mu. Da muka shiga gida, Auta na gaba da faranti, Baba yana zaune a kan tebur da farar rigarsa, ya riga ya sa an jera kujeru, har da uku da ba a gaya wa kowa ko na wa ba ne. Bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Ya ce Auta ya yanka, ni in raba. Naman ya yi laushi har Baba ya ci ba tare da an daddatsa masa ba. Malam ya tsokane shi, ya ce yau dai an ga ranar da awon kafinta ya kuskure. Baba ya ce ai tsufa ba shi da magani, ya miƙa hannu a ƙara masa cinya.

Shekaranjiya da zan wanke rigunansa, ina lalube aljihu kamar yadda na saba, sai ga 'yar takardar nan. Awo uku ne a jiki, da rubutunsa mai karkata. Na farko na tanderunmu. Na biyu na talotalo, ya ɗara na farkon da abin da ko makaho zai gane. Na uku kuwa an rubuta shi a sama, fensirin har ya fara dishewa, alamar ya riga sauran: faɗin ƙofar tanderun Auta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na zauna ina bitar maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, don kin san halina, kuma ban samu inda ya yi mini ƙarya ba. Bai taɓa cewa talotalon zai shiga tanderunmu ba. Ban nuna masa na gani ba. Na ninke takardar na sa a cikin akwatin Inna, ke ma kada ki tayar masa da zancen in kun yi waya.

Ki taya ni godiya ga Allah da Ya ara mini rana na gyara tun muna raye, ki kuma yafe mini kunnen ƙashin da na yi miki. Ki gaida maigidanki da kyau, ki gaida babbar 'yarmu mai karatun jinya, Allah Ya ba ta sa'ar jarrabawa, da tagwaye, da surukarki, Allah Ya ƙara mata lafiya. Baba yana sa muku albarka. Malam da yara suna gaisuwa. Auta ma yana gaishe ki, yana nan zaune a falo yanzu haka, yau kuwa Talata ce. Ya ce in gaya miki baɗi in Allah Ya kai mu kujerarki na nan, kuma Baba ne zai sake zaɓo talotalon.

Wassalam,
Ƙanwarki mai ƙaunarki har kullum.