Ledar Ruwa Biyu da Muka Roƙa wa Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Legas? Ya maiɗakinka da yara? Mu nan Yankara sai godiya.

Jikin Baba ne ya sa na rubuto. Bara da ƙafafunsa suka kumbura, mun roƙi wata nas mai digiri a asibitinmu ta yi masa ƙarin ruwa, ta ƙi. Ta ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Muka ce girman kai ne, ni har baƙar magana na gaya mata. Da ta koma Katsina, ba wanda ya ce ta zauna.

Wadda ta gaje ta yarinyar kirki ce, amma karatunta bai yi nisa ba. Ranar Talatar da ta wuce muka roƙe ta ƙarin ruwan, ta ɗaura masa leda biyu, muna ta sa mata albarka. Tun ranar a zaune yake barci, yana haki. Likita a Funtuwa ya ce ruwan ya taru a huhu.

Yaya, ban ga alamar tashi ba. Ku sa shi a addu'a, ka gaida kowa. In kana son ka tarar da shi, kada ka jira Sallah.

Ƙanwarka,
Hadiza