Masarar Kombate Kore Shar Take

Dapaong

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Inna, da mutanen Kpangalam duka. Yaya ƙafar Ma'u?

Ni lafiya lau, kada ku damu, sai dai kaina ya ɗaure. Aikina bin injiniya gonaki da wata 'yar na'ura. Ina maƙala ta a ganyen masara, ta haska shi, ta faɗi ciwon da ido bai kai ga gani ba.

Jiya na'urar ta ce masarar Kombate, manomin da ya sauke ni a gidansa, ta kamu. Wallahi kore shar take, irin wadda kake gani ka yi hamdala! Na gwada har na gaji, maganarta ɗaya. Injiniya ta ce in gaya masa ya tumɓuke gefen gabas kafin ciwon ya bazu. Mutumin da nake cin tuwonsa! In na yi shiru, gonar duka na iya tafiya. In na faɗa kuma, na'urar ce ta yi kuskure fa?

A sa ni a addu'a. Inna ta aiko mini da yaji.

Ka ce masararmu ta yi kyau bana. Baba, da ido kawai ka duba, ko?

Ɗanka,
Zakiyyu