Ina Taka Keken Ɗinki Babu Zare

Salamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni, ko da yake ni kaina ban san me nake nema ba.

Ni mai ɗinki ce, ɗana na fari yana cikin wata na takwas. Tun yana jariri nake goya shi ina taka keke, ƙarar ce ke sa shi barci. Da farko abin dariya ne, masu kawo ɗinki har tsokanata suke yi wai na haifi tela. Yana shiga wata huɗu barcin ya birkice. Yanzu ko nono ko jijjiga ba sa kwantar da shi, sai keke. Na ɗauko keken daga shago na ajiye a gefen gado. In ya farka sai in goya shi, in zare zaren, in yi ta takawa a kan wani ƙyalle da allura ta gama huhhudawa. Maigidana direban babbar mota ne, bai cika kwana a gida ba.

Shekaranjiya allura ta shige mini yatsa. Na tsaya ina kallon jinin kamar a hannun wata yake. Yaron ma haka nake kallonsa. Ya yi mini dariya, ni kuwa ba daɗi, ba haushi, ba komai.

Surukata ta ce in yaye shi ta tafi da shi in huta. Maigidan ya amince, amsata ake jira. Wallahi da ta faɗa ko a jikina, kuma wannan ne ya sa na rubuto. Anya wadda za a ɗauke wa ɗa ba ta ji komai ba uwa ce? In ba ta shi?

Taki,
Mai Ɗinki

Wa alaikis salam, ƙanwata. Kada ki ba da shi yanzu. Shawara irin wannan ba a yanke ta da idon da bai yi barci ba.

Lafiyar ɗanki ƙalau. Wajen wata huɗu barcin jariri kan sauya, ya riƙa farkawa tsakani yana neman abin da ya yi barci da shi. Naki keke ya sani. Wajen wata takwas kuma ya fara gane cewa uwa kan tashi ta bar shi, sai rigimar ta ƙaru. Yawanci abin kan lafa kafin shekara ko bayanta kaɗan.

Ki janye keken sannu a hankali. Ki daina takawa tun bai gama yin barci ba, ki kwantar da shi rigingine, hannunki a ƙirjinsa. Da safe ki buɗe masa taga, da dare ki rage haske. Zai yi kuka na ’yan kwanaki.

Surukarki kuwa ta ga abin da ke damunki, kada ki ƙi ta. Maimakon ta tafi da shi, ki roƙe ta ta zo ta zauna da ku, ta riƙe shi ke ki kwanta. Maigidan ma ya karɓi nasa rabon in yana gari.

Sannan ki je asibiti a makon nan, ki faɗa wa likita wannan rashin jin komai, kamar yadda kika faɗa mini. Abin yana samun masu haihuwa da yawa, kuma ana warkewa.

Kin tambaya ko ke uwa ce. Macen da ke tashi ta goya yaro ta taka keke babu zare don kawai ya runtsa, ni ban san wani suna da zan kira ta da shi ba. Barci kika rasa, ƙanwata. Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya miki shi a gabanki.